Makiyayar da na sani ta zama fako: ruwa ne ko shanu?

Mahauci_Mayanka:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon waɗanda suka san daji su amsa mini tsakani da Allah. Shekara ashirin da 'yan kai ina fawa a nan Kumasi, tun ina yaro nake bin maigidana arewa sayen shanu. Akwai wani fili tsakanin Gushegu da Karaga inda muke tara dabbobi kafin mota ta zo. A da in kaka ta yi, gamba a wurin tana shanye mutum a tsaye, sai ka ji kukan saniya ba ka gan ta ba. Makon jiya na dawo daga can. Wallahi na tsaya a wurin na kasa gane shi. Ƙasa ta zama fako, ta yi ɓawo kamar an yi mata daɓe, na buga dunduniyar takalmi ko alama ba ta yi ba. Abin da ya rage sai tafasa da tumfafiya, da wani kwazazzabo da ya tsaga filin biyu, zurfinsa ya kawo mini ƙirji. Manomin da ya sauke ni ya ce shanu ne suka kashe ƙasar. Bafulatanin da ke wurin ya ce ruwa ne ya daina zuwa a kan ƙa'ida. Kowannensu ya rantse. To wanne ne?

Dan_Asawase:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan ai ba abin tambaya ba ne. Shanu ne. Je ka Agogo ka tambayi masu gonar ayaba. Tun 2012 babbar kotun Kumasi ta ce a fitar da shanu daga yankin, kana ganin banza ta faɗa?

Jauro_Afram:
Dan_Asawase, ɗan'uwa, ka haɗa magana biyu. Ɓarnar gona daban, mutuwar makiyaya daban. In saniya ta shiga gonar mutum laifi ne, a biya shi, ban taɓa musun wannan ba. Amma Alhaji fili ya tambaya, ba gona ba. Kakannina sun yi kiwo shekaru aru-aru, da kofato ne ke kashe ƙasa da tuni babu ciyawa daga Dori ta Burkina har Salaga. Saniya tana ci ta wuce, ta bar kashi, ta tattake iri ya shiga ƙasa. Abin da ya canja shi ne yanzu ba ta da inda za ta wuce.

Dan_Asawase:
Kullum haka kuke cewa, ba laifinku.

Baba_Yalwa:
Yara ku yi a hankali. Ni na ga 1983 da idona. Waɗanda ba su gani ba, ba za su gane abin da fari ke yi ba. Ruwa ya ɗauke, hunturu ya yi tsawo, wuta ta tashi ta cinye gonakin koko har nan ƙasar Asante inda ko a mafarki ba a zaton wuta. Ga shi a shekarar aka koro mutanenmu daga Najeriya, wajen miliyan ɗaya, babu abinci a ƙasa. A lokacin ina bin goro da shanu tsakanin Kumasi da Bawku. Daga Walewale zuwa gaba ƙasa ja wur, ko tsinke babu, na ce wa abokin tafiyata wannan ƙasa ta mutu har abada. Bayan shekara biyu da ruwa ya dawo na bi hanyar, ciyawa har gwiwar doki. Saboda haka ni ban saurin cewa ƙasa ta mutu. Ruwa shi ne uba.

Mahauci_Mayanka:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma filin da nake faɗa an yi damina mai kyau a kansa ba sau ɗaya ba, bai dawo ba. Abin da ya tayar mini da hankali ke nan.

Dalibin_Nyankpala:
Salamu alaikum iyayena. Harkar kiwo nake karanta a jami'a a Nyankpala, ku ba ni dama in sa baki, in na yi kuskure a gyara mini.

Musun da kuke yi masana ma sun daɗe suna yin sa. Bayan farin da aka yi a Sahel daga 1968 zuwa 1974, da yawa sun ɗora laifin a kan makiyaya, wai yawan dabbobi ne ya jawo hamada. Daga baya aka gano cewa ɗumamar ruwan teku ce ta fi juya daminar Sahel, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna wurare da yawa sun sake yin kore bayan farin 1984. Wasu masu bincike da suka zauna da makiyayan Turkana a Kenya suka fito da wata magana a 1988: inda ruwan bana da na baɗi ke bambanta ƙwarai, har hawa da saukarsa ya kai kashi ɗaya cikin uku, fari ne ke rage dabbobi tun kafin su yi yawan da za su kashe ciyawa. A irin wannan wuri maganar Baba_Yalwa daidai take.

Sai dai arewacin Ghana ba Dori ba ne. Dori ruwanta bai cika wuce milimita 500 ba a shekara. Tamale tana samun wajen 1,100, Kumasi wajen 1,400. Ruwanmu yana wasa, amma bai kai na Sahel ba, don haka dabbobi ba sa raguwa da kansu, sai dai su ƙaru. Kuma irin ciyawar ba ɗaya ba ce. Ƙarangiya da kyasuwa kowace shekara daga iri suke fitowa, ko an cinye su tas a rani, irin yana ƙasa yana jiran ruwa. Gamba kuwa da tsohon gindinta take rayuwa. In ruwan farko ya sauka, abincin da ta ajiye a saiwa shi take ja ta yi toho. In saniya ta cinye tohon, ta sake ja. A cinye na biyu, a cinye na uku, sai ajiyar ta ƙare, gindin ya mutu. In gindi ya mutu babu abin da zai riƙe ƙasa, ɗigon ruwa ya dinga dukanta kai tsaye har ta yi ɓawo, kofato ya ƙara danne ta. Daga nan ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ba ya shiga, gudu yake yi ya tafi da ƙasar sama. Kwazazzabon da Alhaji ya gani ke nan.

Ummi_Tafo:
Malam ɗalibi, ni dai ban gane ba. Ka ce ruwa, ka koma ka ce shanu. Wanne ka zaɓa?

Dalibin_Nyankpala:
Yaya Ummi, ya danganta da wurin da kuma lokacin. Saniya ɗari a kan gamba a watan Oktoba ba za su yi mata komai ba. Saniya ɗarin nan a watan Mayu, bayan an yi ruwa ɗaya ya ɗauke na mako uku, su ne ajalinta.

Jauro_Afram:
Yaron nan ya faɗi gaskiya a kan toho. Mu ma mun sani. Tsofaffinmu ba sa barin garke ya daɗe a wuri ɗaya a farkon damina, kwana kaɗan a tashi. Amma yau ka tashi ka je ina? Burtalin da muke bi an shuka kashu a kai. Bakin kogi da muke shayarwa ya zama lambun albasa da tumatir. Fadamar da muke ajiyewa don rani ta zama gonar shinkafa. Ban ce manomi ya yi laifi ba, shi ma 'ya'ya gare shi. Amma in an matse shanu dubu a filin da ɗari biyu ke ci a da, a zo a ce kofato ne, an faɗi rabin magana.

Direban_Paga:
Ni tirela nake ja, shanu nake ɗaukowa daga iyaka zuwa Mayanka, wani lokaci har Tulaku a Ashaiman. Abin da ba ku faɗa ba shi ne rikicin Burkina. Djibo da take babbar kasuwar shanu tun 2022 'yan bindiga suka datse hanyoyinta. Mutanen da a da suke saukowa rani su koma gida da damina, yanzu sun sauko ba su koma ba. Da idona nake ganin rugage a wuraren da shekara goma da suka wuce babu ko bukka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta ba makiyayi damar ƙetare iyaka da takardar shaida, amma an yi ta ne a kan mai zuwa ya koma. Wanda gidansa ya zama fagen yaƙi ina zai koma?

Dan_Asawase:
To ka ga maganata ta fito. Shanu sun yi yawa. Ko daga ina suka zo, ƙasar ce ke ɗaukar nauyin.

Hajiya_MaiWagashi:
Ku bar ni in faɗi abin da na sani ta ɓangaren nono. Shekara goma sha biyar ina karɓar wagashi, wato cukun nono, daga matan Fulani ta hanyar Ejura da Atebubu. A 2024, da ruwa ya ɗauke a Yuli da Agusta, tsakiyar damina fa, matar da take kawo mini ƙwarya cike ta dawo tana kawo rabi, daga baya ta daina zuwa. Da na neme ta sai ta ce maruƙa ma ba sa ƙoshi, ina za a tatsa. Adadin shanunsu bai ƙaru ba a shekarar. Ruwa ne kawai ya yi musu yankan ƙauna. Kun tuna har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya waje a ƙarshen Agusta. Dan_Asawase ɗana, wannan ma shanu ne?

Dan_Asawase:
Hajiya ban ce babu fari ba. Amma ku je maƙabarta a kowane ƙauye a arewa ku leƙa. Ko gandun dajin Mole. Ruwan da ya sauka a ciki shi ya sauka a waje. Me ya sa ciki ciyawa ta yi duhu, waje fako? Wannan kaɗai ya ishi mai hankali.

Dalibin_Nyankpala:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Haka ma ake gwadawa a bincike, a killace wuri a kwatanta da na waje. Sai dai a tuna, katangar ba saniya kaɗai take hanawa ba. Tana hana gatari, tana hana garma, wani lokaci har wuta.

Yar_Sissala:
Alhamdu lillahi da aka zo kan gatari. Tun ɗazu nake jira. Ni daga Tumu nake, aure ya kawo ni Aboabo. Duk wanda ya bi hanyar Kintampo zuwa Buipe ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi kamar katanga. Ina suke zuwa? Gidajenmu, nan Kumasi da Akra. Har kaɗanya ake sarewa, itacen da uwata ta yi mana makaranta da kuɗin mansa. Sannan aka zo da injin zarto aka kwashe madobiya aka kai Sin. Madobiya da kawo da maɗaci su ne ganyen da makiyayi ke sassaɓo wa shanu in rani ya yi tsanani. Da babu su, dole saniya ta koma ta tone gindin ciyawa. Mu da muke hura gawayi kullum safe muna da hannu a wannan fako.

Jauro_Afram:
Allah ya yi miki albarka. Amma kada in ɓoye, namu ma akwai masu yi wa kawo aski har ƙoƙon kai, shekara bayan shekara, har itacen ya bushe a tsaye. Babana in ya ga yaro ya sare reshen tsakiya sai ya zane shi. Yanzu yawancin masu bin shanun yaran haya ne, ba nasu ba ne, ba za su dawo wurin baɗi ba, me ya dame su.

Abu_Nima441:
Gaisuwa daga Akra. Yaran haya na wa? A faɗi gaskiya mana. Shanu da yawa da ake cewa na Fulani, na alhazan birni ne, da sarakuna, da manyan ma'aikata. Bafulatani rainon su yake yi, shi ake zagi, shi ake harbi in an tashi Operation Cow Leg, samamen da jami'an tsaro ke yi na korar shanu. Mai shanun yana kwance a gidan sama. Nan filayen Akra ma haka ne, ruwanmu bai kai milimita 800 ba, ga gine-gine sun cinye makiyaya, shanu suna kiwo a bola.

Mahauci_Mayanka:
Abu, maganar bola ta tuna mini. Mu da muke fasa ciki muna ganin abin da ku ba ku gani. Daga Fabrairu zuwa Afrilu in ka yanka saniyar da ta sha rani, tozo ya kwanta, kitsen ƙoda ya narke, ka fasa ƙashi ka tarar ɓargo ya zama ruwa-ruwa, ba ya tsayawa a tsinke. A tumbi kuwa leda ce a dunƙule kamar igiya, da yashi, domin tana cin ciyawa har ƙasa tana haɗawa da turɓaya. Ran nan na wanke tumbi ɗaya, yashin da ya kwanta a gindin bokiti ya cika tafin hannuna biyu. A da sai ƙarshen rani muke ganin haka. Yanzu tun Janairu.

Malam_Sawaba:
Jama'a, addini bai bar wannan ba. Hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Amma tarayya ba ta nufin kowa ya yi yadda ya ga dama. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u a matsayin hima, makiyayar da ba kowa ke kiwo a cikinta ba, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Wato shugaba yana da ikon ya ce wannan fili a ɗaga masa ƙafa. Sarakunan da ke karɓar saniya su ba baƙo wurin zama, su ne ya kamata su ƙidaya nawa filin zai ɗauka kafin su karɓa.

Baba_Yalwa:
Malam ya gama magana. A da sarkin ƙauye ya san kowace ruga da adadin shanunta.

Ummi_Tafo:
Ni wutar daji ce ke ba ni tsoro. Duk Disamba in za mu je gida, hagu da dama baƙi ƙirin. Wa ke sa ta?

Dan_Asawase:
Makiyaya, don ciyawa ta yi sabon toho.

Yar_Sissala:
Da mafarauta masu neman gafiya, da masu zuma, da manomi mai sassabe, da mai jefar da guntun taba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar hana ƙona daji tana nan tun 1990, ban taɓa ganin ta hana ko ɗaya ba a wajenmu.

Jauro_Afram:
Wuta iri biyu ce. Ta farkon kaka, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, tana lasar sama ta wuce, gindi yana nan. Ta Janairu da Fabrairu ita ce masifa, tana cin busasshiyar ciyawar da shanu za su rayu a kanta, ta kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara har ruwan farko ya zo ya wanke tokar. Kuma Dan_Asawase, barin fili babu kiwo sam ba magani ba ne. A nan Afram inda aka kori shanu na ga ciyawar Acheampong ta rufe wuri, ba dabbar da ke cin ta, in ta bushe kuma wutarta ta fi ta kowa.

Abu_Nima441:
Shi ya sa nake ganin a killace kawai. Kowa ya sa shanunsa a gandu kamar wanda gwamnati ta yi a Wawase. Tafiya da shanu a ƙafa zamaninta ya wuce.

Dalibin_Nyankpala:
Yaya Abu, a yi lissafi tukuna. Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar wajen kilo 6 na busasshen abinci kullum. Ɗari za su ci kilo 600 a rana. Ranin arewa wata shida ne, ya haura tan 100 ke nan, ban da ruwan sha. In akwai wanda zai noma ciyawar ya yanka ya adana, killacewa za ta yi. In waya kawai za a zagaya, fakon zai koma cikin waya. A Widou Thiengoly ta ƙasar Senegal an gwada daga 1981, shekara 27 ana bibiya: filayen da aka killace da ƙayyadadden adadin dabbobi ba su fi na makiyaya masu yawo ba, domin a shekarar fari adadin ya yi wa filin yawa, a shekarar ruwa kuma ya yi kaɗan. Can Sahel ne, na sani, amma darasin ya shafe mu tunda ruwanmu ma ya fara irin wannan hali. An auna cewa manyan haduran ruwan sama masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Jimillar ruwan shekara tana iya zama yadda take, amma ya zubo a kwana kaɗan, tsakani kuma rana.

Alhaji Mahauci, tambaya: akwai dam kusa da filin nan?

Mahauci_Mayanka:
Akwai. An haƙa shi shekarun baya, ba nisa, tafiyar minti goma.

Dalibin_Nyankpala:
To in ka koma ka yi wannan. Ka tashi daga bakin dam ka miƙe, ka dinga duba ƙasa. In ka ga fako a kusa, bayan kilomita biyu tafasa, bayan biyar gamba ta fara bayyana, to kiwo ne, domin ruwan sama bai san inda dam yake ba. In kuwa ko'ina ɗaya ne har inda shanu ba sa kaiwa, sai mu waiwayi ruwa da wuta. A da rashin ruwan sha ne ke tilasta garke ya tashi a rani, filin ya huta. Dam ya sa an zauna shekara zagaye.

Hajiya_MaiWagashi:
Amma dam ɗin nan shi ya hutar da mata tafiyar ɗiban ruwa. Kada a ce a rufe.

Mahauci_Mayanka:
Ba wanda zai rufe Hajiya. Jama'a, tun da Abu ya yi maganar alhazan birni zuciyata ba ta kwanta ba, gara in faɗa. Cikin shanun da ke shan dam ɗin nan, talatin da huɗu nawa ne. Da bakwai na fara. Duk ribar da na samu sai in sayi karsana in aika, domin ban yarda da ajiyar kuɗin sidi ba, kun ga yadda ya dinga narkewa. Ban taɓa tambayar ko filin zai ɗauka ba, kuma na san aƙalla mutum biyar a Mayanka da suke da garke a wurin. Da na tsaya a kan fakon nan abin da ke raina ke nan. Jauro, kai ka san dabba: in rage su kafin Janairu, ko in nemi wani wuri?

Jauro_Afram:
Alhaji, Allah ya saka da gaskiyar da ka faɗa. Ka fitar da bajimai da tsofaffin shanu yanzu da suke da nama, ka bar masu haihuwa. Kuɗin ka sayi harawa da ƙaiƙayi tun kaka kafin su yi tsada, lodin aboboya (babur ɗin kaya mai ƙafa uku) ɗaya a Nuwamba ta fi uku a Maris. Kuma ka ce wa mai kiwonka in ruwan farko ya sauka ya kawar da su daga gamba ko da mako shida ne. Sai dai kai kaɗai in ka janye, na sauran biyar ɗin za su cinye tohon.

Dan_Asawase:
Alhaji na girmama ka da wannan magana. Amma ni har yanzu ina kan bakana, ko su waye masu shanun, yawansu ne.

Baba_Yalwa:
Ni kuma na ce ku jira a yi damina uku masu kyau a jere kafin ku yi wa filin nan sallar gawa. A Maraɗi an ce ƙasa ta mutu, manoma suka dinga barin tohon kututture yana girma, yau gawo ya cika gonaki. A Talensi ma nan kusa da Bolga ana yi.

Dalibin_Nyankpala:
Baba, itace yana dawowa daga kututture. Gamba in gindinta ya mutu sai an fasa ɓawon ƙasar, a jera duwatsu su tare ruwa, a watsa iri. Alhaji, ka duba ko akwai sauran gindi ko da busasshe ne, ka ja ka gani ko saiwar tana riƙe.

Direban_Paga:
Alhaji, ina da lodi a kasuwar Gushegu ƙarshen wata. In za ka bi ni mu tsaya a wurin, mu yi tafiyar da ɗalibi ya ce daga bakin dam, in ɗauko hotuna in sa a nan. Ka zo da sauran biyar ɗin in za su yarda, gaban mota yana ɗaukar mutum biyu, sauran su bi bas.